Tukunyar da Ba a Wankewa

Ku ukun nan kun tashi kun tarar da wata baƙar tukunya a kusurwar ɗakin girkin gidanmu na Yamai, da tsohon faifai a bakinta, kuma tun kuna rarrafe aka gargaɗe ku cewa ba a sa mata ruwa, balle sabuni. Na san labarin da gwaggonku Habsu take ba ku a kanta: wai ubanku ya tafi Dakar karatun likita, jarrabawa ta kayar da shi, sai ya ɓuge da karatun daudawa. Farkon labarin da ƙarshensa gaskiya ne. Tsakiyar ce gishirin gwaggonku, wadda labari bai taɓa ratsa bakinta ya fito lami ba. Jarrabawa ba ta kayar da ni ba, tukunyar nan ce ta kayar da ni. Yanzu da na cika hamsin, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakin mai laifin.

Kakarku, wadda muke kira Inna, daudawar batso take yi a Karofane, kuma da ita aka san ta har Buza. Ku da kuka tashi da dunƙulen kanti ba ku san wahalar abin ba. Gurguzu ne, wato 'ya'yan yakuwa, za ta sheƙe, ta wanke, ta dafa shi wuni guda da ruwan toka har ya yi laushi. Sai ta juye shi cikin baƙar tukunyar, ta rufe da faifai da tsummoki, ta bar shi kwana biyu. A rana ta uku ta buɗe. In gurguzun ya yi yauƙi, warinsa ya soki hanci har ido ya kawo ruwa, sai a ce tukunya ta tashi. Daga nan sai daka, da ƙarin kwana, da dunƙulawa, da shanya. Cikin tukunyar akwai wani baƙin danƙo da ya lulluɓe bangonta, kaurinsa ya kai na fatar sa, wanda ya taru tun zamanin uwar Inna, wadda muke kira Kaka. Shi suke kira uwa. Danginmu sun daɗe da karɓar salla, amma sauran al'adun kakanni ba su gama fita daga ɗakin girki ba, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce wannan: macen da tukunyarta ta ƙi tashi sau uku a jere, hannunta ya mutu. Sai ta kife tukunyar, ta bar sana'ar har abada, kuma ba mai sake cin daudawar da ta taɓa.

Shekara bakwai bayan samun mulkin kai na dawo gida hutun damina, bayan shekarata ta farko a jami'a. Na zo da wando mai kari, da littattafai biyu da na fi nuna wa mutane bisa ga karantawa, da kwalbar ruwan jabel, wannan farin ruwa mai kaifin wari da ake wanke asibiti da shi. A shekarar ne aka fara nuna mana mikrob, ƙananan halittun da ido ba ya gani. Wani malaminmu ya sa kowannenmu ya dangwala yatsa a kan faranti mai abincinsu, bayan kwana biyu muka ga abin da ya tsiro. Ranar ban iya cin abinci ba. Ƙannena biyu ne gudawa ta ɗauke tun suna goye, damina biyu a jere, kuma ina kallon farantin nan na ga kamar an nuna mini fuskar wanda ya kashe su. Ina faɗa muku wannan don ku san da zuciyar da na shigo gida. Ba da raini na zo ba, ko da yake idan na bincika kaina sosai, ba zan rantse cewa babu ɗigonsa a ciki ba.

Kwana huɗu da zuwana aka yi rasuwa a Babankatami, Inna ta tafi gaisuwa. Baba yana gona daga safe har la'asar. Na sami gida ni kaɗai, na naɗe hannun riga. Na fara da randar ruwa, na kankare gansakukar da ke gindinta, na ɗauraye ta da jabel. Wannan na yi daidai, kuma ko gobe zan sake. Sai idona ya faɗa kan baƙar tukunya. Na leƙa, warin ya buge ni, na ce a raina ga gidan cuta. Na sami tsingaro da yashi na kankare danƙon nan tas, har jan yumɓun da ba a gani ba tun kafin a haife ni ya fito. Na jiƙa ta da jabel, na shanya ta a rana. Tsohon faifan da tsummokin na cusa su a murhu, na sayo sabon faifai mai ado na ɗora. Da kwalba ɗaya, da hannu ɗaya, da niyya ɗaya na yi aikin kirki da ɓarna a wuni guda, kuma ban ga bambancinsu ba.

Da Inna ta dawo ta shiga ɗakin girki, ta daɗe ba ta fito ba. Ina zaune ina jiran yabo. Da ta fito sai ta dube ni, ta ce:

"Nomau, ka ci abinci?"

Nomau take kirana, don cikin noma aka haife ni. Na ce na ci. Ta wuce ta ci gaba da aikinta.

Tukunyar farko ta ƙi tashi. Gurguzun ya yi tsami, ya yi wata furfura a sama, aka zuba wa awaki suka sunsuna suka juya. Na ce a raina laimar damina ce. Bayan mako ta sake dafawa, ta biyu ma ta ƙi. A nan ne zuciyata ta fara gaya mini gaskiya, kuma a nan ne babban laifina yake, don wankin tukunya rashin sani ne, amma shirun da na yi bayansa da sanina na yi shi. Ina jin matan unguwa suna shigowa da ƙwaryarsu suna fita da ita wayam. Ina jin muryarsu ta bayan darni tana sauka in sun hango ni. Wata ta ce baki ne, wata ta ce Inna ta taka wani abu a hanyar Babankatami. Inna kuwa ta auna gurguzun karo na uku ta ajiye a ƙwarya, ta ƙi dafawa. Kullum da safe sai ta dube shi ta wuce. Mace ce mai yawan waƙa in tana daka, sai turminta ya koma ba ya fitar da komai sai sautin taɓarya.

Baba ne ya fara magana, muna cin tuwo da miyar da ba daudawa.

"Miyar ga kamar wa'azin da ba aya," in ji shi. Sai ya juyo gare ni. "Kai da anka aika koyon magani, ba ka da na tukunya?"

Da wasa ya faɗa. Na ƙware da lomar da ke bakina.

Washegari na ɗauki tsohon dunƙulen daudawa guda da na samu a gindin kwando, da ɗan guntun wadda ta lalace, na hau kamiyo, babbar motar 'yan albasa, zuwa wajen Madawa, inda Kawu Bitrus yake aiki a asibitin mishan. Ƙanen Inna ne. Tun yana saurayi ya bi addinin Almasihu, dangi suka yi fushi, fushin ya tsufa ya mutu, amma Inna ba ta taɓa fasa aika masa daudawa duk wata ba. A ɗakin gwajin jini yake, shi ke duba majina da fitsari a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Bai yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba, amma idonsa ya ga mikrob fiye da na malamaina da yawa. Na ba shi labari ina kewaye-kewaye. Ya saurara har na gama, ya ce:

"Da mi ka wanke ta?"

"Da jabel, Kawu."

"Jabel!" Ya tuntsire da dariya har ya dafa teburi. "Ɗan lakwal, ka yi wa tukunyar Kaka baftisma, ni da nike Kirista ban yi mata ba!"

Ya jiƙa ɗan tsohon dunƙulen, ya shafa a gilashi, ya ɗiga masa launi, ya ce in duba. Na sa ido. 'Ya'yana, har yau in na rufe ido ina ganin abin nan: ƙananan sanduna, dubu bisa dubu, wasu a jere kamar jerin raƙuman azalai masu fataucin gishiri, iri ɗaya, ba baƙo a cikinsu. Ya sa ta biyun, wadda ta lalace. Can kuma tarkace ne, zare-zare da ɗigo-ɗigo, kowa da kamarsa, kamar kasuwar da ba sarki.

"Waɗancan na hwarko su ne ma'aikatan uwarka," in ji Kawu, dariyar ta bar fuskarsa. "Tun kahin a haihe ni suke cikin tukunyar ga. Ba su cin albashi, ba su zuwa hutu. Sun cika gidan, shi ya sa ɓarayi ba su samun wurin shiga. Kai ka zo ka kore su, ka bar ƙohwa buɗe."

A jami'a an koya mini sunayen mikrob masu kisa, na haddace su kamar sunayen maƙiya. Ba wanda ya kai ga gaya mini cewa akwai masu yi mana bauta, ko kuwa an faɗa ina can ina gyaran karin wando. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutanenmu, kuma ranar na ji shi a wuyana. Na tambayi Kawu ko za a iya jiƙa tsohon dunƙulen a mayar da su. Ya ce wataƙila, amma saura gwaji ɗaya tak ya rage wa 'yar'uwarsa, ba zai sa hannunta a kan wataƙila ba. Uwa mai rai ake so, daga tukunyar da ke aiki.

"Akwai ta wuri guda," ya ce. "Tabotaki. Amma ka san uwarka ko za ta mutu ba ta aikawa can."

Na sani. Yaya Habsu ce 'yar farin Inna, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta zama da ita su yi hira, balle ta roƙe ta wani abu. Tun da aka yaye ta aka kai ta wurin Kaka, can ta girma, can ta koyi daudawa, kuma da za a kai ta gidan miji a Tabotaki, Kaka ta yanko mata uwa daga wannan tukunya tamu ta shafa a sabuwa. In dole ta kama Inna ta ambace ta, sai ta ce "mutanen can". Maganin yana hannun 'yarta, kunya ta tsaya a tsakani, kuma kunyar nan ba ƙiyayya ba ce. Na daɗe kafin na gane cewa wani irin so ne da ba a ba shi baki ba.

Kwana biyu na yi a hanya, don ruwa ya cika koramu, mota ba ta wuce Buza. Sauran na taka da ƙafa cikin duwatsun Adar, takalmin Dakar ya yage, wando mai kari ya koma kalar laka. Na tarar da Yaya Habsu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"A'a! Mushe ɗan boko da kansa! Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Tukunyar Inna ce."

Ta ajiye rariya. Na faɗa mata komai, wannan karon ba kewaye. Na zaci za ta zage ni. Sai ta zauna a kan turmi, ta tambaya a hankali:

"Sau nawa ta ƙi?"

"Biyu."

"Ita ta aiko ka?"

"A'a."

"Na sani," ta ce. Ta share ido da bakin zane, nan take kuma ta koma Habsun da kuka sani. "Shekara nawa gwamnati na ciyar da kai, wankin tukunya ka koyo? Da ka hwaɗi, da mun koya maka nan kyauta, har da ladan tuwo!"

Ta buɗe tata tukunyar, ta sa ludayi ta yanko uwa kamar rabin tafin hannu, ta ƙunshe a ganye. Ta ɗauke tsohon faifanta, wanda ya yi baƙi ya yi nauyi don shekaru, ta haɗa mini. Sai ta yi mini darasi, tana kirga shi da yatsa a goshina. In fara ƙona tukunyar da karan dawa har warin likita ya fita. In ta huce in shafe cikinta da uwar. Kada a juye gurguzu da zafinsa, kada kuma a bari ya yi sanyi. A sa bayan hannu, in ya yi ɗumin jikin mai zazzaɓi, lokaci ya yi. Shekaru bayan haka na auna ɗumin nan da ma'auni, na tarar bai yi nisa da wanda muke sa wa akwatin renon mikrob a ɗakin bincike ba. Da zan tafi ta raka ni har bakin gari, ta ce:

"Kada ka ce mata daga ni ne."

"To in ta tambaya?"

"Ba ta tambaya. Kai dai ba ka san uwarka ba."

Na dawo da faifan a ka, don warinsa ba ya shiga jaka. A kamiyon da na samu daga Buza, fasinjoji suka bar mini benci guda ni kaɗai, wani tsoho ya ce a gaishe da amarya mai kai gara.

Da hantsi na shiga gida. Inna tana tsakar gida, ta ga faifan. Na ga idonta ya tsaya a kan saƙar bakinsa, irin saƙar Kaka ce da ba mai yin ta yanzu. Ta tashi ta ɗora gurguzun nan da ya yi kwanaki yana jira, ta ɗauki tulu, ta ce wa iska, ba ni ba:

"Zan tahi rijiya. Rijiyar yau da nisa."

Rijiyarmu tana bayan gida. Ta ba ni wuri ne, don namiji ba ya taɓa tukunyar daudawa a gaban mata, ita kuma ba za ta ga abin da zai sa ta tambaya ba. Na ƙona, na jira, na shafa. Da yamma ta juye gurguzun da kanta, ta gwada da bayan hannu, ta rufe da faifan Tabotaki kamar dama can nata ne.

Kwana biyun nan ban buɗe littafi ba. A rana ta uku da safe, ta shiga ɗakin girki, na tsaya a bakin ƙofa. Ta yi bisimilla ta ɗaga faifan. Yauƙi ya biyo shi zare-zare, warin ya taso ya cika ɗakin har idona ya kawo ruwa, kuma ban taɓa godiya ga wari irin ta ranar ba. Ta sa yatsa ta ɗanɗana. Ta daɗe tsugune.

"Ta tashi," ta ce. Can kuma, ƙasa-ƙasa: "Hannun tsohuwa ne. Bai canza ba."

Nan na durƙusa na faɗa mata abin da na yi. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Tun daga ƙohwar gida na ji warin likita, ranar da na komo. Hancin da ke gane daudawa ta kwana biyu da ta kwana uku, shi za ka ɓoye wa?"

"To Inna, mi ya hana ki hwaɗi? Da ta ƙi fa?"

"Da na kihe ta." Ta mayar da faifan, ta daidaita shi. "Na ga randa, Nomau. Na san don wa ka wanke ta. In na yi maka hwaɗa kan tukunya, sai ka ji kunya ka bar wanke randa."

Da aka daka aka dunƙula, ta ware dunƙulen farko, mafi girma, ta ƙunshe a sabon faifan nan mai ado da na sayo, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"In ka sami mai zuwa, a kai wa mutanen can." Ta gyara ƙunshin. "Sun yi ƙiba?"

Na ce sun yi. Ta ce to, ta koma turminta, kuma kafin taɓarya ta sauka sau goma waƙa ta dawo.

Da na koma Dakar na nemi a sauya mini layi, daga likita zuwa ilimin halittu, daga baya na ƙware a kan mikrob masu aiki cikin abinci: daudawa, nono, furar da ta kwana, ƙullun da ke tashi. Na rubuto wa Baba, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya karanta masa. Amsarsa layi ɗaya ce: likita munka aika a koyo, amma Allah shi sa albarka. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, sai dai in baƙo ya tambaye shi aikina, yakan ce ina aikin gwamnati, ya sauya zance. Wannan ya yi mini ciwo, kuma yana da gaskiyarsa. Garinmu ya daɗe ba likita. Ranar da ciwon ajali ya kama Inna, na tsaya a kanta da takardun digiri biyu, ban iya mata komai ba sai riƙe hannu. Na sha tambayar kaina ko son ilimi ne ya sauya mini hanya, ko kuwa ina neman gafarar tukunya ne shekara talatin. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na sami amsa ba. Abin da na sani shi ne duk abin da na rubuta a aikina, bayani ne kawai na abin da matan nan uku suka riga suka sani da bayan hannunsu.

Da Inna ta rasu, gwaggonku ce ta ce a ba ni tukunyar, wai wanda ya kashe ya raya shi ya fi sanin darajarta. Uwarku ta koyi aikin a wurin gwaggon taku, shi ya sa kuke toshe hanci sau uku a shekara. Ku ci gaba da wanke randa, ku wanke hannu, ku dafa ruwan yara. Amma kafin ku kankare abin da kuka tarar a gidan mutane, ku tambayi mai shi me yake yi a wurin.

Ramatu, ke ce ta fari, kuma kin san uwarki ba ta kama sunanki. Ran da za ki tafi naki gidan, za a yanko miki uwa daga tukunyar nan, a haɗa miki da faifai. In wata rana kika ji labarin ta gida ta ƙi tashi, kada ki jira a aiko. Ba za a aiko ba.